Wa Karen Ya Kama Wa?

A babin farauta na littattafan fiƙihu akwai wata mas'ala da yawancinmu muka wuce a guje a zauren karatu, don ɗokin a kai babin aure. Ga karnuka biyu, ciki ɗaya suka fito. Kowanne ya bi zomo ya cafke, zomon ya mutu a bakinsa kafin mai farauta ya iso da wuƙa. Zomon na farko halal ne, a gyara shi a jefa a tukunya. Na biyun mushe ne. Haƙoran iri ɗaya ne, yawun ma haka. Abin da ya raba su shi ne na farkon horarre ne, kuma mai shi ne ya cuna shi da bisimilla, na biyun kuwa gaban kansa ya yi. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ce tushen hukuncin, hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Buhari da Muslim ya ƙara fayyace shi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kafa hujja da wannan a kan darajar ilimi, tunda ko a cikin karnuka an fifita mai sani a kan jahili.

To me karen ya sani? Gudu dai da shi aka haife shi. Cafke ma babu wanda ya koya masa. Karen bola da bai taɓa shiga daji ba ya san yadda zai yi da 'yar tsako. Malamai sun haɗu a kan alamomi biyu: in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. A kan ta uku suka rabu, kuma wannan saɓanin nasu ya fi ƙarfin maganar zomo.

Hanafawa da Shafi'awa da Hambalawa sun ce sharaɗi ne kada karen ya ci daga abin da ya kama. Hujjarsu tana cikin hadisin Adiyyu ɗin nan, inda aka hana shi cin abin da karensa ya taɓa, saboda tsoron kada ya zama kansa ya kama wa. Manyan almajiran Abu Hanifa biyu har adadi suka sa: sai ya bar ci sau uku a jere kafin a kira shi horarre. A littafin Hidaya na Marginani an kawo dalilin da ya sa ba a gindaya wa shaho wannan sharaɗin ba. Alamar horo ita ce dabba ta bar abin da ta saba. Shaho ɗan daji ne, gudun mutum ya saba, don haka in ya amsa kira ya dawo hannu ya horu. Kare kuwa ɗan gida ne, wawura ya saba, horonsa shi ne ya kame baki. Aka ƙara da cewa jikin kare yana ɗaukar duka, na shaho ba ya ɗauka. Wannan magana ta ƙarshe ta daɗe tana yi mini yawo a kai.

Imamu Malik bai sa sharaɗin ba. A cikin Muwaɗɗa ya kawo daga Abdullahi ɗan Umar da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa a ci ko da karen ya ci. Mai karatu da gaggawa zai ce Malikiyya ta yi sassauci. Amma je ka Muhtasar na Halilu, wanda malamanmu suka fi kowa sani, za ka tarar an ɗaure wani wuri dabam tamau. Dole mai farauta ne zai saki karen, kuma kada a ga alamar ya bar abin da aka tura shi. Masu sharhi suka buga misali: an cuna shi ga gada, a hanya ya ci karo da mushe ko wata karya, ya tsaya ya shagala, can kuma ya tuna ya ci gaba da bi har ya kama. Wannan naman bai halatta da turawar farko ba, don ta yanke a wurin da hankalinsa ya bar mai shi. Tafiya ta biyu tasa ce.

Ashe ra'ayi biyu ne a kan ma'anar tarbiyya. Ɗaya yana auna ta da yadda aka danne kwaɗayi. Ɗaya yana auna ta da ko zaren da ke tsakanin mai aike da ɗan aike ya tsinke ko yana nan, a lokacin da babu igiya a wuya, dajin kuma cike yake da ƙamshi. Ni na biyun ya fi kwanta mini, kuma a Ingila na ga yadda yake a aikace, wurin mutanen da ba su taɓa jin sunan Halilu ba.

Turawa suna da wani wasan karnuka da suke kira ajiliti. Ba tsohon abu ba ne. A 1978, a babban bikin nunin karnuka na Crufts a Landan, aka rasa abin da za a ɗebe wa 'yan kallo kewa da shi tsakanin wani zagaye da wani. Aka ɗora wa wani ɗan kwamiti, John Varley, nauyin nemo mafita, shi kuma ya nemo wani gwanin horar da karnuka, Peter Meanwell, suka kwaikwayi wasan tsallake shingen dawakai. Abin ya karɓu nan take, zuwa 1980 ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta amince da shi a matsayin gasa mai dokoki. Tun 1991 a Birmingham ake yin bikin. Ana jera cikas kamar ashirin a fili: shingayen tsallake, da bututun tamfol da kare zai kutsa ya ɓullo, da tudun katako mai siffar jinka, da siririyar gada, da katakon lilo, da sanduna 12 a jere waɗanda zai saƙa jikinsa a tsakaninsu. Alƙali ne ke tsara jerin, kullum sabo. Mai kare zai zagaya filin shi kaɗai na 'yan mintoci ya haddace hanya, karen kuwa bai taɓa ganinta ba. In aka fara, babu igiya, babu abinci a hannu, ba a taɓa kare, ba a taɓa katako. Murya ce kawai da kafaɗa da inda ƙafa ta fuskanta.

Kafin wani ya tare ni, ba ina kiran mutane su ajiye kare don wasa ba ne. Hadisi ya yi maganar ladan da ke raguwa kullum ga mai riƙon kare in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, malamai suka ƙiyasta gadi a kai. Masu sharhin Risala suna ba da labarin cewa da katangar gidan marubucinta, Ibnu Abi Zaid, ta faɗi a Ƙairawan sai ya ajiye kare, da aka tuna masa cewa Malik ya karhanta hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu zaki zai ajiye. Tsallake shinge don a tafa ba ya cikin waɗannan buƙatu, kuma yadda Bature ke barin kare ya lashe masa baki har yau tsigar jikina tashi take yi, duk da na san a mazhabarmu kare mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa. Kallo na je yi.

Maƙwabcina a lokacin, wani tsohon direban bas, shi ya riƙa tafiya da ni ajin da yake kai karyarsa da yammacin Talata. Rumfar koyon hawan doki ce aka ara, ƙasa yashi, sanyi kamar ya tsinke yatsa. Karnuka bakwai ko takwas, kowanne da mai shi. Mai horarwar wata dattijuwa ce gajera, da jakar busasshiyar hanta a ƙugu. Na zaci daga zuwa za a hau tsalle-tsalle. Ina! Makonnin farko ko shinge ɗaya ba a kafa ba. Aikin shi ne kowa ya tsaya da karensa, tazarar taku goma tsakani, ya yi shiru ya jira. Karen zai ja, ya yi haushi, ya shinshina iska, ya harari na kusa da shi. Can ya gaji ya waiwayo ya dubi fuskar mai shi. A wannan ƙiftawar, ba bayan daƙiƙa uku ba, za a ce masa "yawwa" da harshensu a miƙa masa gutsuren hanta. Shi ke nan darasin. Ba a kira shi ba, ba a finciko shi ba. Shi ya zaɓi waiwaye, aka biya shi.

Daga nan sai a matso da su taku takwas, sai biyar. Sai dattijuwar ta gara ƙwallo ta gaban hancinsu. Sai a sa ɗaya ya ruga da gudu sauran suna zaune suna kallo, wanda ga kare ya fi yunwa wuya. Igiya ma ba rana ɗaya ake kwance ta ba. Daga gajera a koma doguwa mai mita goma, daga riƙe ta a hannu a koma barinta tana jan ƙasa yadda in ta ɓaci za a taka ta, sannan a cire. Na tambaye ta dalilin tara su wuri ɗaya, tunda kowanne yana raba wa ɗan'uwansa hankali. Ta ce ai abin da suka zo koya ke nan. A falon gida kowane kare waliyyi ne. Wanda bai koyi jin kira a tsakiyar karnuka ba bai koyi komai ba, don duniya cike take da karnuka.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wanda ta fi so a ajin. Akwai wani jibgegen kare mai sanyin hali da ba ya ja, ba ya haushi, ko'ina aka ajiye shi nan zai zauna. Ni shi na ba na ɗaya. Ita kuwa hankalinta na kan wata 'yar boda koli, irin karnukan kiwon tumakin nan na iyakar Ingila da Sikotland, wadda jikinta har rawa yake yi don son gudu. Wannan ce ke zubar da sanduna, ita ke dira daga tudun katako tun ba ta taka fentin da ke gindinsa ba, alhali doka ta ce sai ta taka, in ba haka ba laifin maki biyar ne. Dattijuwar ta ce mai sanyin nan ba biyayya yake yi ba, ba abin da yake so ne kawai, kuma ba ta da abin da za ta kama ta juya shi da shi. Ita kuwa 'yar ƙaramar wuta ce, aikin kawai a yi mata murhu. Bayan wata biyu na ga an sake ta, ta taho kamar kibiya za ta faɗa bakin bututun da ke gabanta, mai ita ya ja kafaɗa baya ya kira sunanta sau ɗaya, ta karya kwana a cikin iska ta bi shingen hagu. Gudun bai ragu ba ko kaɗan. Kunnen ne ya kasance a buɗe a tsakiyar gudun.

Mu Hausawa in aka haɗa mutum da kare a magana ɗaya an yi zagi, na sani. Amma Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ni. A Ihya'u ya kamanta hankali da mahayi da ya fita farauta, sha'awa dokinsa, fushi karensa. In mahayin gwani ne, dokin ya horu, karen ya koyu, za a dawo da nama. Bai ce a yanka dokin ko a kashe karen ba, don mai farautar da ya yi haka da ƙafa zai koma gida hannu rabbana. Da yake mayar da martani ga masu cewa hali ba ya canzawa, da dabbobin nan ya kafa hujja: ana mayar da shaho ɗan gida, ana raba kare da zarin ci, ana ladabtar da doki mai tutsu, to yaya za a ce ɗan Adam ne ba zai gyaru ba? Mu kuma muna cewa hali zanen dutse. Duka biyun da gaskiyarsu. Wasu ma'aurata masu horar da dabbobi a Amurka, Keller da Marian Breland, almajiran masanin halayya B. F. Skinner, sun rubuta a 1961 yadda suka koya wa aladu ɗaukar kuɗin katako su kai asusu a ba su abinci. Da tafiya ta yi tafiya sai aladun suka fara yar da kuɗin a ƙasa suna tonon su da hanci, ko da hakan na jawo musu yunwa. Zanen yana nan. Horo ba ya kankare shi, hanya yake yi masa. Dattijuwar nan ta san haka, shi ya sa wani lokaci ladan da take ba kare a kan ya bar shinshine-shinshine ya zo shi ne ta sake shi ya koma ya shinshina.

Akwai ƙorafin da na yi wa kaina a rumfar, kuma ba ƙarami ba ne. Duk wannan ai ciniki ne. Karen hanta yake so, ba mai shi ba. In haka ne kansa ya kama wa, ko da bai ci zomon ba. Tambayar tsohuwa ce a wurin masu ibada. Ana jingina wa Sayyidina Ali rabon masu bauta gida uku: masu yi don kwaɗayi, wato bautar 'yan kasuwa, da masu yi don tsoro, wato ta bayi, da masu yi don godiya, wato ta 'ya'ya. Mutane kan ji wannan su raina biyun farko. Ni ban ga abin raini ba, tunda Alƙur'ani da kansa ya yabi annabawa da cewa suna roƙo cikin kwaɗayi da tsoro. Kuma a ajin na ga yadda ake haurawa daga wannan zuwa wancan. Hantar da ake bayarwa a kowane waiwaye sai ta koma bayan uku, sai bayan goma, sai a ƙarshen zagaye kawai. Ranar gasa ko ƙamshinta ba a yarda a shigo da shi fili ba. Amma karen da ya kai nan in ya hango filin kuka yake yi a ƙyale shi ya shiga. Da hanta aka fara, sannu a hankali gudun tare da mai shi ya zama shi ne abin so. Duk wanda aka fara tayarwa sallar asuba da alkawarin ƙosai, yau kuma ko ba agogo idonsa ke buɗewa, ya san wannan hanyar.

Sai dai kwatancin yana da iyaka, kuma masu bincike sun nuna inda take. A 2003 wasu masana a cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus sun ajiye abinci a ƙasa suka hana karnuka ci. In mutumin yana kallo sukan haƙura, in ya rufe ido ko ya juya baya sai su ɗauke. A 2013 Juliane Kaminski, ɗaya daga cikinsu, ta sake gwajin da haske da duhu, aka ga sun fi sata in wurin abincin ya yi duhu. Wato ko horarren kare lissafin ido yake yi. An cire igiyar wuya, amma ta ido tana nan. Abin da hadisin Jibrilu ya kira ihsani, mutum ya yi aiki da sanin ana ganinsa alhali shi ba ya ganin mai ganin, ba a neme shi wurin kare ba, shi ya sa ba shi da hisabi. Mu aka nema.

Duk da haka dubi yadda muke renon wanda aka nemi wannan babban abu a wurinsa. Gajerar igiya tun daga yaye har aure ko jami'a: kada ka fita, kada ki leƙa, wa ya kira ki, kawo wayar. Dorina tana rataye a bayan ƙofa, bisa fahimtar nan ta cewa jikinsa yana ɗaukar duka. Yaron da ya yi shiru ya sunkuyar da kai mu ce ya yi tarbiyya, mai rawar jiki da yawan tambaya mu ce ya gagara. Rana ɗaya kuma a ɗora masa akwati a mota zuwa Zariya ko Legas ko Alƙahira, daga taku ɗaya zuwa kilomita dubu, babu doguwar igiya a tsakani, ba a taɓa barinsa ya zaɓi waiwaye da kansa ba balle a ce masa yawwa. In labari ya dawo mu riƙe baki mu ce zamani ne. Muna cewa wanda ya yi nisa ba ya jin kira, amma nisa ma koyonsa ake yi taku-taku, kuma ba a kiwon kare ranar farauta.

Wata doka guda ce dattijuwar ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Wani dare wani saurayin kare ya ɓalle, ya zagaya rumfar sau ba adadi, ya kutsa tsakanin sauran, ya sace safar hannun wata mata. Mai shi, wani magidanci da fuskarsa ta yi jawur don kunya, yana ta kira yana ta kira. Da karen ya gaji ya dawo yana kaɗa jela, mutumin ya cafki wuyansa ya ɗaga hannu. Ta daka masa tsawar da ban taɓa jin ta yi wa kare ba. Ta ce abin da kare ya yi na ƙarshe shi yake haɗawa da abin da ya same shi, kuma abin da wannan ya yi na ƙarshe shi ne dawowa. In ka mare shi yanzu, ka koya masa cewa zuwa wurinka ne ke jawo mari, gobe sai ya ƙara nisa. Ta sa shi dole, yana huci, ya shafa kan karen ya ba shi hanta.

A Buhari da Muslim akwai misalin da aka buga na farin cikin Allah da tuban bawansa: matafiyi ne a sahara raƙumarsa ta ɓalle da guzurinsa da ruwansa, ya fid da rai ya kwanta, ya farka ya gan ta tsaye a kansa. A riwayar Muslim ya kama akalarta, murna ta sa har harshensa ya harɗe wajen godiya. Babu sanda a labarin. Mu kuwa yaron da ya kai ƙarfe goma a gidan kallon ƙwallo ya san abin da ke jiransa a zaure, don haka yakan ƙara awa biyu, ko ya kwana a shagon abokinsa. Matar da ta yi yaji ta dawo, da ɗan da ya bar shaye-shaye ya fara leƙa masallaci, su ma da gori ake tarbarsu, sai a yi shekara ana tuna musu.

Ba wai an yafe wa saurayin karen nan aka wuce ba. Dattijuwar ta ce laifin na mai shi ne da nata, sun kwance igiya kafin lokaci. Talatar da ta biyo aka mayar da shi kan doguwar igiya, aka kai shi can ƙuryar rumfa nesa da sauran, ya koma darasin waiwaye tare da sababbin shiga. Sai da ya yi kusan wata guda a haka kafin ta yarda a bar igiyar ta ja ƙasa.